Baffa Me-ya-sa da Kalmasa Mai Inci Huɗu

Kai mai karanta wannan takarda, bari in ja kunnenka tun ba ka yi nisa ba. In kana cikin masu zuwa gidan rasuwa, baki na addu'a ido na ƙirga kujerun falo, to gyara zama, da kai nake. In kuma kana cikin iyayen da ke auna karatun ɗa da albashin watan farko, ƙara matsowa kusa. Daga cikinku na fito, kuma duk na fi ku iya awo.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran ƙanin mijina, baffan 'ya'yana, wanda kowa a gidanmu ke kira Baffa Me-ya-sa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya cika a asibiti bayan jinyar kwana tara, yana da shekara hamsin da shida. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu, da tsohon babur, da kwali bakwai cike da ƙananan littattafan rubutu, kowanne an ɗaure shi da roba.

Ban yi niyyar rubuta komai ba. Ni tela ce, karatuna a sakandare ya tsaya, almakashi na saba riƙewa. Amma a kwana na biyu na zaman makoki wata mata da ke bayana ta sunkuya ta ce wa ta kusa da ita, "Allah sarki, duk karatun nan, ko mota bai bari ba." Na juya na dube ta. Ban tanka ba, don wurin ba na cacar baki ba ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na gane maganar. Tawa ce. Shekara ashirin na yi ina faɗarta a cikin gidana. Saboda haka yau zan ba matar nan amsa, in kuma ba kaina.

Baffan yara, da kai zan yi maganar, kamar yadda muka saba.

Lokacin da aka kawo ni gidanku kana shekarar ƙarshe a jami'a. Na tambaye ka abin da kake karantawa, ka ce ilimin zamantakewa. Na ce mene ne kuma wannan? Ka ce, "Sanin dalilin da ya sa mutane ke yin abin da suke yi." Na ce wannan ai kowace tsohuwa ta sani, kuma ba ta biya kuɗin makaranta ba. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce, "Matar Yaya, tsohuwa na layinsu ta sani. Ni na gari gaba ɗaya nake nema." Tun daga ranar muka ɗaura, ni ina tsokanarka da digirin surutu, kai kana kirana Mai Tef, saboda tef ɗin awo ba ya barin wuyana ko ina kicin.

Sunan Me-ya-sa kuwa yara ne suka laƙaba maka, kuma sun yi gaskiya. Ba a faɗi magana a gabanka ta wuce lafiya. A ce wane ya daina zuwa masallacin layi, ka ce me ya sa. A ce maƙwabciya ta cire ɗanta daga makaranta, mu muna cewa sakaci ne, kai ka ce me ya sa. Ka tambaya kuma ka yi shiru, ka zuba wa mutum ido, har sai ya ji nauyin amsar da ya bayar ya nemo ta gaskiya.

Shekara ashirin da takwas ka yi a ofishin jin daɗin jama'a. Akwai abin da na sani tun kana raye, akwai wanda sai a zaman makoki na ji. Na san labarin matakala. An ba ka kula da tsofaffin da ake tallafa wa, aka ce maka rabinsu ba sa zuwa ranar da aka sa musu, wai ba su damu ba. Ofishinku a saman bene yake, sai ka sauka ƙasa ka zauna a bakin ƙofa kwana uku kana kallo. Ka ga tsohuwa ta zo, ta ɗaga kai ta dubi bene, ta juya. Ka ƙirga matakalar, arba'in da biyu. Washegari ka ɗauko kujerarka da ƙaramin tebur ka kafa a ƙarƙashin matakala, kusa da inda masu shara ke ajiye bokiti. Abokan aikinka suka riƙa kiranka maigadi. Shekara shida ka yi a wurin kafin manya su ji kunya su sauko da ofishin ƙasa. Da ka ba mu labarin, abin da na ce shi ne, "To an ƙara maka albashi?" Ka ce a'a. Na ce ka gani.

Na kuma san abin da ka yi mini. Shekarar da aka yi mini aiki a ciki, wata biyu ina kwance, yayanka yana wurin aiki mai nisa. Kullum ƙarfe ɗaya da rabi kana ƙofar makarantar yarana. Lokacin cin abincinka ne kake bayarwa. Ka ɗora biyu a baya, ɗaya a gaba, ka kawo su gida, ka leƙo ka ce, "Mai Tef, an auna ki yau? Kin ragu da inci nawa?" Ka koma ofis da yunwa. Wannan babur da ya yi mini wannan hidima, shi ne kuma na riƙa nuna wa yaran nan ina cewa, "Wanda bai yi karatun kirki ba, ga abin hawansa nan har ya tsufa." Na rubuta wannan ne don kada wani ya ɗauka ina wanke kaina.

Ina da wata ɗabi'a a lokacin. Duk jaridar da yayanka ya shigo da ita, sai in bi shafin neman ma'aikata da almakashi. In yanko na likita, na injiniya, na akanta, na mai harhaɗa magunguna, in manna a ƙofar firiji. Duk wanda zai sha ruwa a gidana sai ya karanta. In ce, "Ku duba da kyau. Ina aka ce ana neman mai zamantakewa?" Babban ɗana ya ji magana, ya karanta harhaɗa magunguna, ya samu aiki kafin takardarsa ta bushe. Na ce to, ga shaida.

Sai ta biyu, wadda tun tana rarrafe take maƙale da kai har muke ce mata 'Yar Baffa. Da za ta cika fom ɗin jami'a ta rubuta ilimin zamantakewa. Ubanta ya ce a bar ta. Na yi faɗa, na yi fushi, na daina amsa gaisuwarta kwana huɗu, ba ta canza ba. Ta tafi. Na haɗiye, amma ban yafe ba.

Tana shekara ta biyu shagona ya fara mutuwa. Kayan makaranta nake ɗinkawa, riga da wando da siket na 'yan firamare da sakandare, da keke huɗu da ma'aikata uku. An san ni da abu ɗaya: ɗinkina yana zama a jikin yaro cif. Sau biyu nake awo. Kafaɗa a kan kafaɗa, wando ya tsaya daidai idon sawu. In uwa ta ce, "Don Allah a ɗan ƙara masa," sai in ce, "Baiwar Allah, ni ba na ɗinka buhu." Da alfahari nake faɗa, kuma da ƙarfi.

Shekara uku kafin nan wani tela ya buɗe shago a tsallaken titi. Ɗinkinsa a karkace, zare na reto, aljihu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Amma a hankali iyaye suka koma can. Na rage farashi, ba su dawo ba. Na sa aka rubuta sabon allo, ba su dawo ba. Na sallami ma'aikaciya ɗaya, na lulluɓe keke biyu da ƙyalle. Da na zauna na duba abin da ke shigowa da abin da ke fita, sai idona ya sauka a kan kuɗin makarantar 'Yar Baffa. Na yanke shawara ni kaɗai: za ta bar jami'a, ta shiga makarantar koyon aikin jinya, shekara uku ta fito aiki na jiranta. Na sayi fom. Ubanta bai hana ni ba, don ya san rabin kuɗin daga kekena yake fitowa. Ita kuwa ta yi kuka har idonta ya kumbura, ban ko kalle ta ba.

Ranar Asabar da la'asar ka shigo shago. Ka tarar da fom ɗin a kan teburin yanka, na danne shi da almakashi. Ka ɗauka ka karanta har ƙarshe, ka mayar inda yake. Ba ka yi maganar yarinya ba. Kekunan da na lulluɓe ka duba.

"Matar Yaya, me ya sa suka daina zuwa?"

"Rashin sanin aiki mai kyau. Mutanen yanzu araha suke bi."

"Ai kin rage kuɗi, har kin fi shi araha. Me ya sa ba su dawo ba?"

"To asiri ne, ko hassada. Ni ina na sani?"

"Kin tambaye su?"

"In tambayi wa? Shekara ashirin ina riƙe da almakashi, sai in bi mata gida gida ina cewa ku koya mini ɗinki?"

Ka yi shirun nan naka. Can ka ce, "Ba ni aron 'yarki mako shida, hutunta ne dama. In ta kasa gaya miki dalilin da ya kori mutane daga shagon nan, ni da kaina zan kai fom ɗin, a kan babur ɗin da kika raina. In kuwa ta gano, ki bar ta ta ƙarasa."

Na yarda, don na tabbata ni ce da nasara. Har na ce ka sa mai a babur tun yanzu.

Ka ba ta littafi ɗaya daga cikin naka, da biro. Daga baya ta gaya mini abin da ka koya mata, kuma bai fi abu uku ba. Kada ta gyara wa kowa magana. Kada ta kare uwarta, ko an zage ni. In mutum ya ba da amsa kada ta yi saurin rubutawa, ta yi shiru ta ƙirga goma a zuciyarta, don amsar farko ta kunya ce, ta biyu ce ta gaskiya. Kwana ukun farko tare kuka je. Wata rana na dawo daga sayen yadi na hango ku a ƙofar firamare lokacin tashi, kai da furfurarka kana zaune a bakin kwalbati cikin masu jiran yara, ita tana tsaye da littafi. Na ja mayafi na rufe fuska na canza hanya. A raina na ce, yau ga inda digiri ya kai mu.

Mako shida tana fita. Ƙofar makaranta uku, layin asibitin yara, bakin famfo, har bencin telan tsallaken titi ta zauna. Takalminta ya tsinke, ta yi baƙi. Ban tambaye ta komai ba.

Ranar da wa'adi ya cika kuka shigo tare. Ka ja kujerar ɗaya daga cikin kekunan da aka lulluɓe ka zauna, ka harɗe hannu. Ita ta buɗe jaka ta shimfiɗa wando biyu a kan tebur, duka ta aro su a gida ɗaya. Na farko na gane shi nan take, nawa ne. Tsaf da shi, ko zare bai tashi ba, kamar jiya aka ɗinka. Na biyu na telan can ne, ya koɗe, gwiwa ta yi fari, ga layi biyu a ƙafarsa inda aka warware kalmasa aka sauke.

Ta ce, "Mama, wannan naki wata tara aka sa shi. Yaron ya yi tsawo, wandon ya haye ƙwauri, 'yan ajinsu suka fara yi masa dariya, aka jefa a akwati. Wannan mummunan kuma shekararsa ta uku ke nan, ƙaninsa ma zai gada. Na yi magana da iyaye ɗari da ashirin. Casa'in da huɗu abu ɗaya suka faɗa. Ɗinkinki na shekara ɗaya ne, su kuwa na shekara uku suke nema."

Na ce ai da sun faɗa.

Ta ce, "Sun faɗa, Mama. Kin ce ba kya ɗinka buhu." Ta buɗe littafin ta karanto mini maganar wata mata, yadda ta faɗe ta: "Hannunta na da kyau, ba a musu. Amma ni yarona tsawo yake kamar ana jan sa, ga uku a bayansa. Na roƙe ta ta ƙara, ta kunyata ni a gaban mutane. Ko kyauta take yi ba zan koma ba." Mata goma sha ɗaya suka ambaci kalmar buhun nan.

'Yar da na haifa ta tsaya a shagona, a gaban ma'aikatana, tana karanta mini laifina daga littafi. Na juyo kanka da niyyar in sauke maka duk abin da ke bakina. Ka riga ni. A hankali ka ce, "Mai Tef, awonki daidai ne. Yaron ne ba ya tsayawa."

Kwana biyu ina juya maganar nan a raina. A na uku na riga kowa zuwa shago, na shimfiɗa yadi na yanka wando. Na bar inci huɗu a ƙafa, na naɗe su ciki na kalmashe da ƙaramin ɗinki yadda ido ba zai gani ba. Na sa roba mai maɓalli a ƙugu, a ja a matse, a saki ya buɗe. A riga na ɓoye ninki a kafaɗa da gefe. Na ɗaga na duba. Ya zauna cif, kuma akwai shekara uku a cikinsa. Telan can ya san abin da iyaye ke so amma hannunsa bai iya ba. Ni hannuna ya iya, kunnena ne a toshe.

'Yar Baffa ta ƙara da nata. Ta ce duk wanda ya saya, a sauke masa kalmasa kyauta har sau biyu. Na ce kyauta kuma? Ta ce, "Mama, uwar da ta dawo sauke kalmasa da ƙanin yaron za ta zo a hannu." Haka kuwa aka yi. Ta kuma sa na je gidan matar da na kunyata. Ban so ba, amma na je, na ba ta haƙuri a tsakar gidanta. Ita ce ta fara dawowa, ta jawo maƙwabtanta biyar.

Da aka koma makaranta na yaye ƙyallen da ke kan kekuna. Na aika aka kira wadda na sallama. Kafin shekara biyu kekuna sun zama bakwai, na fasa bango na haɗa da shagon kusa.

Ka zo wata rana kana murmushin mugunta, ka ce, "Matar Yaya, na sa mai a babur. Ina fom ɗin, in kai?" Na nuna maka ƙusa a bango. Takardar fom ɗin mai kauri ce, na yanke ta na fitar da siffar aljihun wando. Har yau da ita muke yanka aljihu. Ka yi dariya har hularka ta faɗi.

Yanzu bari in yi awon da na ce na iya, kuma ba zan ƙara ko rabin inci don in faranta wa kowa ba. Karatun nan ba ya biya da wuri. 'Yar Baffa ta gama ta zauna a gida wata goma sha uku. Na ga ranakun da take shiga ɗaki ta rufe ƙofa in an yi baƙi, don kada a tambaye ta ina aiki. Albashinta na farko bai kai rabin na yayanta ba. Cikin ƙawayenta da suka gama tare, akwai biyu da har yau ba su da abin yi. Na san su, kuma zan faɗi gaskiya ko za a ji haushi: sun haddace littafi sun ci jarrabawa, amma ba wadda ta taɓa zama a bakin kwalbati ta saurari kowa. Takarda suka karɓo, ba su karɓo sana'ar ba. Wanda zai tura ɗansa wannan fanni don ya huta da lissafi, ko don a ce yana jami'a, ya ajiye kuɗinsa.

Amma ku ji ƙarshen awon. Aikin da ta samu, a wani kamfani ne da ke bincika wa masu sana'a da asibitoci da hukumomi abin da jama'a ke buƙata. Ta nuna mini tallar. Ba a ambaci sunan digiri ko ɗaya ba. Cewa aka yi ana neman wanda ya iya sauraron mutane, ya iya ƙididdiga, ya iya rubuta rahoto. Da a jarida na gan ta, da almakashina ya tsallake ta. Shekara da shekaru ina manna takardu a firiji ina cewa ba a neman su, ashe ana nema, ni ce ban san sunan da ake kiran su da shi ba. Ranar ganawa wasu sun je da manyan fayil. Ita wandon nan biyu ta saka a jaka. Ta shimfiɗa su a kan teburin masu ɗaukar aiki ta ba su labari. Kafin ta iso gida sun kira ta.

Yau shekararta bakwai a wurin. Mutum goma sha biyu ke ƙarƙashinta. Bara albashinta ya wuce na yayanta, shi da bakinsa ya faɗa, yana cewa a mayar masa da kuɗin makarantarsa ya sake zaɓe. Ba na faɗin wannan don in rage shi, aikinsa mai albarka ne. Na faɗa ne don masu cewa a nuna musu a ƙasa. Ga shi nan a ƙasa.

Saura ke, baiwar Allah mai maganar mota. Gaskiya kika faɗa, bai bar mota ba. A zaman makoki na ji cewa sau biyu aka neme shi da aiki mai tsoka, ya ce in ya tafi wa zai zauna da tsofaffinsa. Zaɓinsa ne, kuma iyalinsa ba su taɓa kwana da yunwa ba, 'ya'yansa huɗu duka suna karatu. Amma da kin ɗaga ido daga kujerun falo kin leƙa waje, da kin ga tsofaffin da suka cika layin, wasu da sanda, wasu an riƙo su, wani a keken guragu jikansa ya turo shi tun daga ƙarshen gari. Ba wanda ya aika musu mota. Da kin tambaye ni, da na kai ki shagona kin ƙirga mata tara da ke cin abinci a ƙarƙashin kalmasa mai inci huɗu. Karatun mutumin nan ya yi riba, riba mai yawa. A aljihun wasu ta sauka, kuma nawa aljihun na ciki.

Baffan yara, ranar Lahadi na zo asibiti, kwana biyu kafin ka tafi. Ka rame, muryarka ta dushe, amma na tarar kana tambayar ma'aikaciyar jinya me ya sa masu jinya ke kwana a baranda alhali ga ɗaki a rufe. Da ta fita na matso. Na ce akwai abin da nake so ka yafe mini. Na gaya maka yadda na riƙa yi wa yara gargaɗi da sunanka da babur ɗinka. Ka lumshe ido ka ce, "Ai na sani. A kan babur ɗin suke kawo mini rahoto." Na rasa inda zan sa fuskata. Ka ce ka yafe tun a lokacin. Sai ka ce, "Mai Tef, inci nawa kike bari yanzu?" Na ce huɗu. Ka ce, "Ƙara rabi. Yaran yanzu sun fi na da tsawo." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Na ƙara.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya sauko ƙasa don waɗanda ƙafarsu ta gaza, ka ɗaga darajarsa. Yadda ya saurari bayinka bai kunyata kowa ba, ka suturta shi ranar da asirai ke tonuwa. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, ka haɗa shi da iyayensa cikin rahamarka. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, ƙanwata, abokiyar zamansa ta shekara ashirin da shida, wadda ba ta taɓa ɗaga masa murya a kan abin duniya ba, ta fi ni haƙuri nesa ba kusa ba. Ga 'ya'yansa huɗu: ku ɗaga kanku, ubanku ba ƙaramin mutum ba ne, kuma ƙofata a buɗe take gare ku dare da rana. Ga yayansa, maigidana, wanda tun ranar Talata bai gama cin kwano ɗaya ba. Ga 'Yar Baffa, wadda aka damƙa wa kwalayen littattafan nan bakwai. Ga abokan aikinsa da tsofaffinsa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa baki ɗaya.

Jiya na kankare ƙofar firiji, na cire takardar ƙarshe. Autata za ta cika fom bana, jikoki kuma suna tasowa, don haka na tara su na kafa doka, kuma na rubuta ta a nan don ta zama da shaidu. Ban daina tambayar abin da karatu zai kawo ba, kuma ba zan daina ba, don da gumi ake biyan kuɗin makaranta. Amma daga yau, duk wanda zai zaɓi fanni a gidana, ko likita ne ko zamantakewa, sai ya ɗauki littafi da biro ya je inda ake wannan aiki ya zauna mako shida, bakinsa a rufe kunnensa a buɗe, ya dawo ya gaya mini wa aikin ke amfana, kuma me ya sa. In ya kawo amsa, ni zan biya, ko zan sayar da keke. In bai kawo ba, ko sisi. Wanda kuma ya kuskura ya nuna wani mutum da yatsa a gidan nan ya ce wa yaro kada ka zama kamar wane, to ya nemi inda zai ci abincin ranar. Dokar ta hau kan kowa, kuma a kaina ta fara.